Garin Maka a Kan Bandar Gwaggo

Tun da muka dawo daga tsallaken ruwa ni da Yaya Tumba, keken ɗinkina bai huta ba, kuma ba yawan aiki ne ya kawo haka ba, masu zuwa jin labari ne. Mace za ta shigo da ɗankwalin da babu abin da ya same shi, ta ce a kama mata bakinsa, ta nemi wuri ta zauna, sai ta ce, "To Kulu, wai ina kunka tahi?" Wata ta ce an gaya mata wurin boka muka je. Wata ta rantse an gan mu za mu hau jirgin sama. Na gaji da maimaitawa, allura ta soke ni ba sau ɗaya ba saboda surutu. Don haka ga labarin nan gaba ɗayansa, wadda ta karanta ta karanta wa maƙwabciyarta, a bar ni in yi ɗinki.

Ga wadda ba ta san ta ba, Yaya Tumba yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma mu biyu muka rage cikin 'ya'yan Inna. Bandar kifi take yi a bakin ruwan Yelwa tun kafin in iya zura zare a allura. 'Yan kasuwa na zuwa daga nesa, su tsallake bandar kowa su tsaya a tata, su jira, ta yi musu faɗa, su saya, su yi godiya. Bara sai wani abu ya fara taso mata. Tana zaune ƙalau, zafi zai tashi daga ƙirji ya haura wuya ya mamaye fuska, gumi ya karyo, ta yi jifa da mayafi, ta nemi wanda za ta sauke wa masifa. Jim kaɗan kuma sanyi ya kama ta, ta ce wa ya ɗauke mata mayafi. Barci ya ƙaurace mata. Ta zauna ta yi wa kanta bincike, ta yanke hukunci ita kaɗai: wutar banda ce ta shekara da shekaru ta shige jikinta, yanzu tana cin ta daga ciki. Ta kashe bandarta ta juya mata baya, ko ruwan shayi ba ta yarda ta ɗora ba.

Sai magana ta kai kunnen Bashiru, ɗanta na fari da ke aiki a Kaduna. Kun san yadda muke da ɗan fari. Yaya ba ta kama sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in ya kira waya sai ta miƙo mini da sauri kamar ta ɗauki garwashi. Abin da ya ji kawai shi ne Innarsa ba ta barci, Inna na jiƙewa da gumi, Inna ta bar sana'a. Yaro ya tsorata, ya ce ƙarshen mako yana tafe da mota, zai ɗauke ta ta koma Kaduna gaba ɗaya. Yaya ta ƙulle kayanta, ta yi wa maƙwabciya alkawarin bandar. Ni kuwa hankalina ya tashi ƙwarai. Na san gidan Bashiru, bene ne, ba tsakar gida, ba hayaƙi, ba wanda za a yi wa faɗa sai talabijin. Na san in Yaya ta hau benen nan ta gama zama Yaya, ni kuma ba ni da wata.

A zauren mata na waya na fara jin labarin saiwar da ake kira maka. Wata ce ta turo murya tana bayani. Ta ce ba ta fi ƙaramar albasa ba, can a ƙasar Peru take fitowa, a kan duwatsu masu sanyin da ko gero ba ya rayuwa. Busar da ita ake yi a niƙa, matan da al'ada ke ɗauke musu su riƙa zuba garin a kunu. Ta ce akwai wata Sista Hannatu, ma'aikaciyar asibiti da ta yi ritaya a wani ƙauye tsallaken Wara, 'yarta na aiko mata da shi daga waje. Ni dama na daɗe ina zargin shekaru ne ke aikinsu, amma wa ya isa ya dubi Yaya Tumba ya ce mata ta girma? Sai na ce mata an samu maganin wuta. Ta ce, "Mu tahi. Amma duk wanda yat tambaya, gaida Gwaggo za mu."

Motar Wara da muka samu ta riga ta cika da buhunan albasa kafin a tuna da mutane. Aka cusa mu baya, ni da Yaya da wani dattijo Bafulatani mai rawani. Gilasan motar duk mariƙinsu ya cire, guda ɗaya ya rage yana wurin direba. Wanda ke son iska sai ya roƙa a miƙo masa, ya murɗa, ya mayar. Ba mu yi nisa da Yelwa ba abin Yaya ya taso.

"Direba, miƙo abin ga!"

Aka miƙo, ta sauke gilas har ƙasa, iska ta shigo ta fara kwance wa dattijo rawani. Ya dafe da hannu biyu. Can sanyi ya kama ta.

"Direba, miƙo!"

Aka miƙo, ta rufe ruf, warin albasa ya turnuƙe mu, dattijo ya fara hawaye. Haka aka yi ta yi, mariƙi ya tafi gaba ya dawo baya, hanya kuma ramuka ne da ɗan guntun kwalta a tsakani, har direba ya gaji ya ce, "Hajiya, don Allah riƙe shi wurinki, in mun isa ki ba ni." Dattijon nan bai ce uffan ba duk tafiyar. Da ya zo sauka kusa da wata ruga, sai ya gyara rawani, ya dubi Yaya cikin ladabi ya ce, "Allah shi ba ki lahiya, Hajiya, mu ma mu samu." Sai da muka isa masauki, Yaya ta buɗe jaka neman carbi, muka ga mariƙin kwance a ciki. Aka kai tasha da ban haƙuri, aka tarar mota ta riga ta juya Yelwa da rana tsaka, gilas a rufe. Allah ya yafe mana.

Gwaggo Mairo ƙanwar Babanmu ce da ke zaune a Wara, ta tsufa tukuf, kunnenta ɗaya ba ya ji, kuma ita ke zaɓar wanne ne kowace rana. Ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Lahiya? Ku biyu rana guda, ba suna ba biki? Ko an ce muku na mutu?" Yaya ta ce zumunci ne kawai. Gwaggo ta juyo mana kunnen da ba ya ji.

An sauke mu a ɗakin da maza ke ajiye ragar kamun kifi. Da safe na farka ƙafata a sarƙe cikin raga, sai da Yaya ta warware ni tana cewa yau an yi babban kamu. Mutanen Wara da cin kifi kuwa sai dai a yi shiru. Mu a Yelwa mai kyan muke sayarwa mu ci kai da jela, su sai sun zaɓi na ci tukuna su kai saura kasuwa. Tuwon shinkafa da miyar kifi, ɗumame da kifi, yaro na kuka a miƙa masa kifi. Na nemi ruwan sha, sai da na leƙa moɗar kar in haɗiye ƙaya.

Muka ce wa Gwaggo za mu tsallaka saboda mara lafiya, kuma ba ƙarya muka yi ba, sai dai da ita muke tafe. Ni 'yar Yawuri ce haihuwa da girma, amma tsakanina da ruwa gaisuwa ce daga nesa. A bakin ruwa an hana kowa shiga jirgi sai da rigar kariya, mai ruwan lemo, cike da soso. A matsayina na tela na juya ta na duba ɗinkin, na tabbata wanda ya yanka ta bai taɓa ganin mace ba. Tawa ta tattare a wuya, kaina ya leƙo ta sama kamar na kunkuru. Ta Yaya kuwa sai da mata suka taya ja kafin maɗaurin ya haɗu.

Jirgin mai inji ne, dogo, an loda masa babura, buhunan gishiri, tunkiya, sannan mu. Mai jirgin, Malam Ɗanjuma, na tuƙi da hannu ɗaya yana shan rake da ɗayan. An gaya mini tsallaken jihar Neja ne, ni kuma ban taɓa ƙetare iyaka a kan ruwa ba, sai na yi ta zuba ido in ga shinge ko tuta ko mai kaki. Ruwa ne kawai ko'ina.

"Malam, wai ina iyaka?" na tambaye shi.

Ya nuna wani busasshen kan itace da ke leƙowa daga ruwa, tsuntsu na zaune a kai. "Mun wuce ta, Hajiya. Ga ta can baya."

"To mi yac canza?"

"Gwamna," in ji shi, ya tofar da ɓawon rake.

A tsakiyar ruwa abin Yaya ya sake tasowa, a cikin rigar soso kuwa. Ta fara kokawa da maɗauri, Malam Ɗanjuma na cewa kar ta cire, ita tana cewa ya zo ya sa ya ji. Jirgi ya fara tangaɗi, ni na rungume tunkiya ina salati. Sai wata mata sa'ar Yaya da ke gefe ta tsoma ɗankwali a ruwa ta ɗora mata a ƙeya, ta ciro mafici daga jaka ta miƙa mata. Wata a bayanmu ma ta ciro nata tana fifita kanta. Na duba da kyau, duk wadda furfura ta fara leƙo wa a jirgin nan tana da maficinta. Yaya ba ta lura ba, tana can tana faɗa da riga.

Mutanen tsallake, na ɓangaren Borgu, akwai girmama baƙo, amma gaisuwarsu na son gwiwa. Mu a gida a ɗan rusuna a ce ina kwana a wuce. Su sai a durƙusa har ƙasa, ke da wadda kike gaisarwa, a yi ta amsawa da ɗan sauti a maƙogwaro, wannan ta yi waccan ta yi, ba mai gaggawar tashi. Wata tsohuwa ta tare mu a bakin hanya ta durƙusa. Na ce ba za a fi ni ladabi ba, na durƙusa. Ta gama ta miƙe tsaf. Ni kuwa gwiwar tela ta ce ba inda za ta. Tsohuwa ta ga ban tashi ba, ta ɗauka ban gama gaisuwa ba, ta sake durƙusawa muka ɗora daga farko. Da Yaya ba ta ɗago ni ta hammata ba, da har yanzu muna can muna gaisawa.

Sista Hannatu doguwa ce, gilashi a goshi, sanye da rigar atamfa da aka cika wa aljihu gaba da gefe, ɗinkin da ni ba zan sa hannuna a ciki ba. Ba ta bari mun faɗi abin da ya kawo mu ba sai da aka daka sakwara, mata uku a turmi ɗaya, taɓarya ba ta karo da taɓarya. Yaya da kullum ke cewa doya ba abinci ba ce ta share malmalarta da miyar agushi, ta leƙo kwanona.

Sannan Sista ta ɗaura mata abin awon jini a dantse, ta leƙa idonta, ta lalubi wuyanta, ta ce, "Hajiya, yaushe rabonki da fashin salla?"

Yaya ta dubi rufin ɗaki. Ni na amsa, na ce an kwana biyu, ya fi shekara. Yaya ta taka mini ƙafa.

"Ba shi yak kawo mu ba," in ji ta. "Wuta ta. Wutar banda tash shige ni."

Sista ta yi dariya har gilashinta ya faɗo kan hanci. "Hajiya, ni ban taɓa hura banda ba, allura na yi ta yi wa mutane har na tsufa. Amma zafin nan ya dafa ni shekaru, a gaban marasa lafiya nake fifita da katinsu. Wace wuta ce ta shige ni? Lokaci ne. In al'ada za ta tafi, haka take sallama da mata da yawa."

"Taki ta asibiti ta, daban take," Yaya ta ce, ta ɗaure fuska.

Sista ba ta ja da ita ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wata leda mai ƙyalli ta buɗe. Gari ne mai ruwan ƙasa-ƙasa, ƙamshinsa tsakanin soyayyar gyaɗa da ƙasar da ruwa ya jiƙa. Ta ce wannan sai da aka dafa saiwar kafin a niƙa, don masu ita ma ba sa cin ta ɗanya. Ƙaramin cokali da safe, a kunu ko fura ko kindirmo, har a shayi. Ta ce ita dai ta ji sauƙin zafin, barcinta ya gyaru, wasu matan kuma na cewa yana ƙara musu kuzari ya rage saurin fushi. A nan na dubi Yaya, ta harare ni. Amma Sista ta ce kar mu ɗauke shi wani abin mamaki, wata ya yi mata, wata ko a jikinta, masu bincike ma ba su gama tabbatarwa ba. Mai maƙoƙo, ko wadda aka taɓa yi wa maganar ciwon nono ko na mahaifa, ko mai shan wani magani, sai ta tambayi likita tukuna. Ta kuma ce jinin Yaya ya ɗan hau, lallai ta je asibiti a duba, garin maka ba zai yi mata wannan aikin ba. Muka ba ta kifin da muka riƙo na tsaraba. Yaya ta miƙa shi tana kau da kai, ta ce a yi haƙuri, ba bandar hannunta ba ce.

Matsalar ita ce hoton da ke jikin ledar. Wata Baturiya ce mai furfura, cikin ɗamammen wando, ta ɗaga hannuwa sama a kan dutse tana dariya. Muna fita da ledar a hannu Yaya ta ja birki.

"Ni ba ni shiga jirgi da wagga marar kunya. Kowa yag gan ta ya san abin da ad ciki."

Na ce a sa a jaka. Ta ce jaka na buɗewa. Ta zagaya bayan wata bishiyar mangwaro, ta juye garin kaf a farin ƙyalle, ta ƙulle, ta soke a ƙugu, sannan ta haƙa rami da tsinke ta binne Baturiya.

A dawowa iska ta tashi. Malam Ɗanjuma ya ajiye rake, nan na san abin ba wasa ba ne. Igiyar ruwa ta farko ta jiƙa na gaba, ta biyu ta zo daidai inda muke ta zube mana a cinya. Ban san lokacin da na fara yafe wa duk wadda ta taɓa ɓata mini rai ba, da ƙarfi, ina kama sunayensu, da na zo kan Lantana sai wata a jirgin ta ce ai Lantana ƙanwar mijinta ce, me ta yi mini. Muka isa Wara lafiya, a jiƙe sharkaf. Yaya ta kwance ƙyalle a tsakar gidan Gwaggo, gari ya zama ƙullu.

Ta zauna daɓas a kan turmi. Tausayinta ya kama ni har idona ya cika. Ba yadda zan yi, na matsa kusa da kunnen Gwaggo mai ji na ranar, na gaya mata komai. Gwaggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Don wanga kunka ƙetare ruwa? Tumba, ni nan da ki ka gani, sa'ad da nawa yat taso cikin ruwa ni ka wuni, sai kai waje, awa dorina. Innarku ma ta yi, Allah shi jiƙanta, kuna gidan miji ba ku gani ba. Kowa na yi, ba a dai hwaɗi na."

Yaya na can tana kallon ƙullun.

To, a gidan masu kifi, duk abin da ya jiƙe kuma ake son ya daɗe, wuri ɗaya ake kai shi. Rana na nan tsaye a sama, amma ko mutum ɗaya bai tuna da ita ba, har da ni. Saude, amaryar jikan Gwaggo, dama ta ɗora kifin da maza suka kawo a kan bandar bayan gida. Ta karɓi ƙullun ta shafa a faranti ta ajiye gefen kifi. Yaya na can nesa ta juya baya. Sai na ga hancinta ya motsa.

"Wane icce anka sa?"

Saude ta ce dogon yaro.

"Dogon yaro! Kihi za ki yi ko maganin zazzaɓi?"

Ta ce ita dai ba ruwanta, ta ƙara juya baya. Wuta ta yi tsalle ta lashi jelar wata tarwaɗa, ƙauri ya tashi. Yaya ta miƙe. Ta ci ɗamara da mayafi, ta janye icen nan ta watsar, ta sa aka kawo ƙirya, ta yayyafa ruwa har harshen wuta ya kwanta, hayaƙi ya tashi fari. Ta sauke kifin duka ta sake lanƙwasa shi tana soke jela da tsinke, tana yi tana faɗa, Saude na miƙo mata abin da ta nema. Ƙullun kuma ta mulmula shi ƙanana ta faffaɗa irin na daddawa, ta jera a saman wayar banda.

Ana cikin haka abin ya taso mata, a gaban wuta sosai. Na ga gumi ya karyo, na taso da gudu zan janye ta. Ta ɗaga mini hannu. Ta ɗebi ruwa a moɗa ta kwara a kai, ta tsaya tana huci, hannu ɗaya a ƙugu. Jim kaɗan ya wuce. Ta dubi wutar, ta dube ni.

"Kulu, daidai da na cikin mota. Bai ƙaru ba."

Na ce bai ƙaru ba.

"Daidai da na cikin jirgi, ga ruwa ko'ina." Ta juya wata tarwaɗa. "Ashe banza nib bar wutata."

Ba ta bar wurin ba sai da kifin gidan ya yi ja yana sheƙi, maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga suna tambayar wa ya zo.

Washegari aka daka dunƙulen nan aka zuba a kunu yadda Sista ta ce. Kunu ya fito da ɗanɗanon tarwaɗa. Yaya ta sha ta yamutsa fuska, ta ce ba laifi, don aikin hannunta ne. Ni na kasa haɗiyewa. Gwaggo ta shinshina ta ce wannan ya bar layin kunu ya koma na miya, ta watsa cokali a miyar kuka. Wallahi miyar ta yi daɗi, ta yi kauri da wani garɗi. Babban ɗanta Malam Isa, mai gemu har ƙirji, yana zaure da abokansa, ya aiko a ƙaro, ya kuma ce a tambayo wace irin daddawa ce wannan. Gwaggo ta ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Maganin matan da al'ada tab bari na!"

Can daga zaure muka ji muryar Malam Isa a hankali, "Inna, shina da wata illa ga namiji?" Gwaggo ta juya masa kunnen da ba ya ji. Kwanon dai ya dawo a suɗe.

Masu tambaya ko garin ya yi aiki, ga iyakar abin da na sani. Na kira Sista na gaya mata abin da muka yi, ta yi dariya har waya ta katse, da ta sake kira ta ce ita ba ta taɓa jin an yi wa maka banda ba, ba ta san me ya rage a ciki ba. Yaya na zuba shi a miya, ta ce barcinta ya gyaru. Ko garin ne, ko gajiyar aiki ce, ko maganin hawan jinin da aka ba ta, ni tela ce, ban sani ba. Zafin na zuwa har yanzu, faɗan kuma ban ga ya ragu ba.

Abin da ban gaya wa masu ɗankwali ba shi ne saukarmu. Muna isowa Yelwa muka tarar da motar Bashiru a ƙofar gida, har ya sa an loda ƙullin kayanta a but. Yana tsaye cikin farar shadda, sai ga uwarsa ta sauko daga kabu-kabu tana warin hayaƙi, da kwandon kifin da Gwaggo ta ba ta ladan aiki. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa wa katanga. Ya juyo wurina.

"Inna Kulu, ina kuka kai ta a wannan halin? Na yi magana da likita, gobe za a fara gwaje-gwaje. Don Allah ku gaya mini gaskiya, ni ba yaro ba ne. In ciwon nan ne da ba a son faɗa, ku faɗa mini."

Yaya ta sauke kwando, ta ce wa katanga, "Kulu, gaya ma wancan shi sauke kayana."

Na gaya masa, ko da yake in ta miƙa hannu za ta taɓa shi.

"Gaya mai ba ciwon mutuwa na ba."

Na gaya masa.

"Gaya mai..." Ta tsaya, ta gyara mayafi, ta sake gyarawa. "Gaya mai shi tambayi matatai abin da ka samun mata in sun girma. Asibiti kau ina zuwa, na nan Yelwa, da ƙahwata. Gobe ina hura wuta."

Na buɗe baki zan maimaita, ya ɗaga hannu, ya riga ya gane. Kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai, sai kuma na ga kafaɗunsa na rawa. Ƙaton mutum da shaddarsa ya zauna a bakin but yana kuka. Ashe tun da ya ji labari bai ci abin kirki ba, yana can shi kaɗai yana shirin rasa uwa, ba mai gaya masa komai. Ni ma na fashe.

Yaya ba ta juyo ba. Ta durƙusa gaban kwando ta yi ta tonawa, ta wuce ƙanana, ta wuce matsakaita, ta ciro babbar tarwaɗar da ke can ƙasa. Ta miƙo mini ta baya, fuskarta na wajen katanga, amma daga inda nake na ga idonta ya cika taf.

"Kulu," ta ce, "kai ma wani. Na ga ya rame."